Tesla Model 3 Performance a Hannun Mai Iyali: Abin da Take Bayarwa da Abin da Take Nema

Tun da kamfanin Tesla ya fitar da sabon samfurin Model 3 Performance a watan Afrilun 2024, kusan duk wanda ya buɗi baki zai yi maganar motar da lambobi biyu yake farawa, wato daƙiƙa 3.1 daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a sa'a, da kuma ƙurewar gudu ta kilomita 262 a sa'a. Lambobin gaskiya ne, kuma abin jinjinawa ne a ce mota mai ƙofa huɗu da mazaunin mutum biyar tana yin abin da a shekarun baya sai motocin tsere na manyan attajirai. Sai dai wanda zai ciro kuɗinsa ya saye ta ba a filin tsere zai zauna da ita ba. Zai kai yara makaranta, ya wuce wurin aiki, ya tsaya cikin cunkoso, ya ɗauko baƙi daga filin jirgin sama, sannan ya biya kuɗin taya da na inshora idan lokacinsu ya yi. Ta wannan fuskar nake so in auna ta, a matsayina na wanda yake hawanta kullum a Ingila, kuma ra'ayina tun daga farko shi ne cewa gudun da ake tallarta da shi ba shi ne mafi darajar abin da ke cikinta ba.

Motar tana da injin lantarki biyu, ɗaya yana juya tayoyin gaba, ɗaya na baya, kuma na bayan ne sabon ƙira da ya fi ɗaukar nauyin aikin. Wadda ake sayarwa a Ingila da sauran ƙasashen Turai daga masana'antar kamfanin da ke Shanghai a ƙasar Sin take fitowa, da ƙarfin doki 460, alhali wadda ake ƙerawa a Fremont ta jihar Kalifoniya domin kasuwar Amurka tana da ƙarfin doki 510, saboda batirinsu ba ɗaya ba ne. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙasan motar tsakanin tayoyin gaba da na baya, yana ɗaukar abin da ya kusa yunit 80 na wuta, kuma shi ya sa nauyin motar ya kai wajen kilo 1,850. A Ingila an sa mata farashin fam 59,990 lokacin da ta fito.

Game da tashinta, duk bayanin da za a yi bai kai mutum ya ji a jikinsa ba. Babu giyar da za ta canza, babu jiran inji ya tattaro ƙarfi, babu ƙarar salansa da za ta sanar da kai cewa wani abu na shirin faruwa. Kana taka totur ƙarfin yana zuwa gaba ɗaya a take, bayanka ya manne da kujera. Amfanin wannan a tuƙin yau da kullum a wuri biyu yake bayyana. Na farko shi ne shiga babbar hanya daga ƙaramar mashiga, inda kake buƙatar kamo gudun sauran motoci kafin layinka ya ƙare. Na biyu shi ne wuce babbar mota a hanyar da ba a raba ta biyu ba, domin lokacin da za ka ɗauka a hannun masu tahowa yana raguwa ƙwarai, kuma wannan tsaro ne na gaske. Bayan waɗannan biyun, a ƙasar da doka ta ƙayyade gudu a mil 70 a sa'a, wato kilomita 113 ko kusa da haka, rabin ƙarfin motar ma ba ka taɓa shi. Akwai kuma abin da nake ganin wajibi ne a faɗa wa duk mai sha'awa: da yake ba ta da ƙara, kunne ba ya taimaka wa direba wajen sanin ya wuce ƙa'ida, kuma fasinjojin baya, musamman yara da tsofaffi, sukan ji jiri idan ana yawan fizgar su. An tanadi matakai uku na ƙarfin tashi, kuma mafi sauƙin cikinsu ne ya dace da ranar da iyali ke ciki. Ban ga hikimar miƙa makullin irin wannan mota ga matashin da bai daɗe da koyon tuƙi ba.

Inda wannan samfurin ya yi wa na baya nisa shi ne ƙafafunsa. Model 3 Performance ta farko, wadda aka fara sayarwa a 2018, tana da gudu amma tana da taurin ƙafa, kowane ɗan gargada sai ya iso har kujera, kuma bayanta yakan yi tsalle a hanyar da ba ta da santsi. A wannan karon an saka mata shakazoba masu daidaita kansu, waɗanda kwamfutar motar ke ƙara musu tauri ko laushi gwargwadon yanayin hanya da yadda direba ke sarrafa sitiyari da burki, kuma wannan ne karon farko da aka yi wa Model 3 haka. Direba yana da zaɓi biyu, na yau da kullum da na tsere. A zaɓin farko motar tana haɗiye faci-facin kwalta da gaɓoɓin gada cikin natsuwa, jikinta ya motsa sau ɗaya ya zauna, ba tare da lilon da ke biyo baya a motoci masu laushin ƙafa ba. Titunan cikin garuruwan Ingila ba su da kyan da ake zato daga nesa, lokacin sanyi yana farfasa su, kuma a kansu ne na fi gane darajar wannan gyara. Ba a ce ta zama motar alfarma mai shawagi ba, domin rim ɗinta inci 20 ne kuma robar tayar siririya ce, saboda haka rami mai kaifin baki yana bugawa da ƙarfi har ka ji shi a sitiyari. Amma mutum zai yi tafiyar sa'a uku ya sauka ba tare da ciwon baya ba, abin da ba kowace mota mai wannan ƙarfin za a faɗa wa haka ba. A ganina wannan ne ainihin abin da mai saye yake biya, ko da bai sani ba lokacin da yake sa hannu.

A kwana ma tana da biyayya. Da yake nauyinta yana can ƙasa, ba ta kwantawa gefe idan an karya sitiyari da sauri, kuma an ba ta tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, milimita 275 a baya da 235 a gaba, domin ta riƙe ƙasa lokacin fita daga kwana. Sitiyarin ƙarami ne, mai saurin amsawa, sai dai bai cika gaya wa hannu abin da tayoyin gaba ke ciki ba, kuma wanda ya saba da BMW M3 mai amfani da fetur zai lura da wannan rashin nan da nan. Akwai tsari na musamman domin filin tsere, wanda ke ba direba damar tura ƙarfi gaba ko baya yadda yake so, amma kilo 1,850 nauyi ne da burki ke jin jiki wajen tsayar da shi sau da yawa a jere, kuma mai niyyar yawan zuwa irin wannan fili ya sa wannan a lissafinsa.

A cikin gari kuwa burkin ƙafa hutawa yake yi. Da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, injinan suna komawa aikin janareta, suna rage gudun motar suna mayar da wutar cikin batir, har ta tsaya cak ta riƙe kanta. Sabon direba yakan yi ta tsayawa kafin inda ya nufa a kwanakin farko, amma idan ƙafa ta saba, tuƙi cikin cunkoso yana zama da sauƙin da ba a samu a motar fetur, kuma takalman burki suna daɗewa ƙwarai.

Cikin motar shiru ne, fiye da samfurin da ya gabata nesa ba kusa ba, saboda an yi amfani da gilashi mai ruɓi biyu a gaba da baya da gefuna, an kuma ƙara abin tare ƙara a jikinta. Abin da ya rage shi ne gurnanin faffaɗan tayoyin a kan kwalta mai tsakuwa. Kujerun gaba na wannan samfurin kaɗai ne, suna da kafaɗu masu riƙe jiki, suna ɗumamawa suna kuma hura iska, kuma duk da siffarsu ta tsere suna da daɗin zama. Baya ne ke da magana. Batirin ya ɗaga daben motar, saboda haka dogon mutum yana zama gwiwoyinsa a sama, cinyarsa ba ta samun abin dogara, kuma manya uku za su takura idan tafiyar ta yi nisa. Ga yara babu wata matsala, har an sa musu ƙaramin allo mai inci 8 da suke sarrafa iska da kallo da shi. But ɗin baya yana da zurfi, da wani rami a ƙarƙashinsa, ga kuma wani ƙaramin ma'aji na lita 88 a ƙarƙashin bonet inda inji yake zama a motar fetur. Jimillarsu lita 682 a lissafin kamfanin. Bakin but ɗin ne ƙarami, ta yadda akwatuna suna shiga amma babban kwali ko keken yaro sai an yi dabara.

Akwai inda ban yarda da masu ƙirar motar ba ko kaɗan. Babu agogon gudu a gaban direba, komai yana kan allo guda mai inci 15.4 a tsakiya, tun daga gudu da taswira har zuwa daidaita madubi da buɗe ma'ajiyar gaba. Da wannan ana iya sabawa. Abin da ya fi nauyi shi ne yadda aka cire sandar sigina daga bayan sitiyari aka mayar da ita maɓallai biyu a fuskarsa, aka kuma mayar da sa giya jan yatsa a gefen allo, da wasu maɓallan ko-ta-kwana a rufi. A miƙaƙƙiyar hanya maɓallan sigina suna aiki lafiya. A shataletale, wanda Ingila ke cike da shi, sitiyari yana juye lokacin da ake buƙatar nuna alamar fita, maɓallin dama ya koma inda na hagu yake, kuma dole ido ya bar hanya ya neme shi a daidai lokacin da mai keke ko mai tafiya a ƙasa zai iya shigowa. Sigina magana ce tsakanin direba da sauran jama'ar da ke kan titi, kuma bai kamata a wahalar da ita domin ado ko rage kuɗin ƙira ba. Hukumar Euro NCAP mai gwada tsaron motoci a Turai ta bayyana cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko muhimman abubuwa irin su sigina da hon da waifa suna da abin taɓawa na zahiri kafin ta ba da cikakken maki, kuma kamfanin da kansa ya dawo da sandar sigina a motocin Model 3 da ya fara fitarwa a wasu kasuwanni cikin 2025. Wanda zai sayi ta hannu ya duba wace ce a gabansa. Haka nan babu Apple CarPlay ko Android Auto, wato manhajojin da ke haɗa wayar direba da allon mota, sai manhajar kamfanin, wadda gaskiya tana da sauri da sauƙin fahimta, kuma ana sabunta ta ta intanet motar tana ajiye a gida.

Tsarin taimakon tuƙi na Autopilot da kamarori kaɗai yake aiki, yana riƙe layi da tazara a babbar hanya, yana kuma rage gajiya. Sunansa ya fi aikinsa girma, kuma alhakin tuƙi yana wuyan direba a kowane lokaci. A 2022 hukumar kula da tsaron hanyoyi ta Amurka ta buɗe bincike kan ƙorafin cewa wasu motocin Model 3 da Model Y suna taka burki ba dalili yayin amfani da shi, wanda ya isa ya sa mutum ya bar ƙafarsa kusa da totur.

Maganar nisan tafiya ita ce tambayar da aka fi yi mini. A ma'aunin Turai an rubuta mata kilomita 528 lokacin fitowarta, amma wannan awo ne na gwaji. A babbar hanya, da gudun da doka ta yarda, abin da nake dogara da shi wajen kilomita 400 ne a lokacin zafi, kuma yana sauka ƙasa da haka idan sanyi ya tsananta, duk da na'urar ɗumama mai tsimin wuta da aka sa mata. Ƙari a kan haka, irin batirin da ke cikinta ba a so a riƙa cika shi kullum, kamfanin yana ba da shawarar tsayawa a kashi 80 cikin 100 sai ranar doguwar tafiya. A tashoshin cajin kamfanin da ake kira Supercharger tana karɓar wuta har kilowat 250, amma na ɗan lokaci ne yayin da batirin yake ƙasa. Abin kamar cika buhu da hatsi ne, da farko zubawa kawai ake yi, idan an kusa baki sai an girgiza ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Saboda haka daga kashi 10 zuwa 80 wajen rabin sa'a ne, lokacin da ya isa a yi alwala a yi salla a sha shayi, amma jiran sauran kashi 20 ɗin ɓata lokaci ne. Abin da ya fifita Tesla a nan shi ne tsari: taswirar motar tana zaɓar tashar da za ka tsaya, tana ɗumama batirin kafin ka isa, tana nuna gurabe nawa ne babu kowa, kuma kana soka waya caji ya fara ba tare da kati ko wata manhaja ba.

Duk da haka, a gida ne ake gane ko motar lantarki ta dace da mutum. Wanda yake da wurin ajiye mota a ƙofar gidansa zai sa na'urar caji ta kilowat 7 a bango, ya soka da dare lokacin da kamfanonin wuta ke rage farashi, ya tashi da safe ya tarar da ita a shirye, har ya ɗumama cikinta ta wayarsa kafin ya fito. Ga irin wannan mutum kuɗin tafiya yana komawa ɗan kaɗan daga abin da yake kashewa a fetur, kuma zuwa gidan mai yana fita daga rayuwarsa. Wanda yake zaune a bene, ko yake ajiye mota a bakin titi, zai dogara da cajin waje wanda farashinsa ya ninka na dare sau da yawa, kuma ribar da ake magana tana narkewa. Ga wannan na biyun ba zan ba da shawarar saye ba, komai son da yake yi mata.

Ba ta shan baƙin mai, ba ta da fulogi ko bel ko salansa, saboda haka zuwa gareji ya taƙaita ga matatar iska da ruwan burki da makamantansu. Batir da injinan suna da garantin shekara 8 ko kilomita 192,000, da alkawarin cewa batirin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 na ƙarfinsa ba a wannan tsakani, sauran motar kuma shekara 4. Kuɗin da aka tsira da shi a nan yana fita ta wasu ƙofofi. Tayoyin Pirelli P Zero da take zuwa da su suna da tsada, nauyi da ƙarfin tashi suna cin na baya da wuri, kuma da yake faɗinsu ya bambanta ba a iya musanya na gaba da na baya domin su ci daidai. Babu safaya a cikinta. Inshorarta a Ingila tana cikin rukunai mafi tsada, kuma tun daga Afrilun 2025 motocin lantarki sun fara biyan harajin hanya da a da aka yafe musu. Mafi girma shi ne faɗuwar daraja, domin rage farashin sababbi da kamfanin ya yi a farkon 2023 ya ja farashin na hannu ƙasa sosai, abin da ya cuci masu sayarwa ya kuma amfani masu haƙurin jiran mota mai shekara biyu.

Tana da abokan gasa na ƙwarai. BMW i4 M50 da ake sayarwa a 2024 ta fi ta kyan ciki, tana da maɓallai na gaske da but mai buɗewa har gilashi, amma ta fi nauyi da tsada, kuma daƙiƙa 3.9 take ɗauka zuwa gudun kilomita 100 a sa'a. BYD Seal mai inji biyu tana yin haka a 3.8 a farashi mai rahusa, sai dai cajinta bai kai sauri ba kuma ƙafafunta ba su kai natsuwa ba. Babbar abokiyar hamayyarta a gidansu take, wato Model 3 Long Range mai inji biyu, wadda a 2024 ta fi ta araha da fam 10,000, ta fi ta nisan tafiya, tana da tayoyi masu kauri da sauƙin kuɗi, kuma daƙiƙa 4.4 ɗinta ya wuce buƙatar kowane magidanci. Ga mafi yawan iyalai ita ce zaɓin hankali. Wanda tuƙi da kansa yake faranta masa rai, yake jin bambancin yadda mota ke zama a kwana, shi ne zai ga inda ƙarin kuɗin ya tafi, kuma ni ina cikin waɗannan.

'Yan uwa a Najeriya da Nijar sukan tambaya ko za ta yi a gida, tunda an fara ganin Tesla jefi-jefi a Abuja da Legas, musamman bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ta Ingila dai ba ta shiga lissafi, domin sitiyarinta a dama yake. Sai ta Amurka, ko ta sauran Turai, ko ta Sin, kuma kowace da irin bakin cajinta, wanda dole a tantance kafin a biya kuɗi. Kamfanin ba shi da wurin gyara ko tashar Supercharger a ƙasashen biyu, saboda haka garantin nan ba shi da inda za a kai shi, kuma gilashi ko fitila idan ta fashe sai an yi odarta daga waje. A lissafin wuta akwai riba, domin a farashin rukunin masu amfani da wuta na Band A a Najeriya da ya haura naira 200 kan kowane yunit tun Afrilun 2024, cika batirin bai wuce naira dubu 20 ba, amma soket na gida zai ɗauki fiye da kwana guda yana cikawa, sai an sa na'urar bango da wutar da ke tsayawa ko sola mai girma. Tsayinta daga ƙasa milimita 128 ne kacal, batirin kuma a nan ƙasan yake, ga siraran tayoyi, ga rufin gilashi marar labule a ƙarƙashin ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri. Daga Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, wato daidai iyakar abin da take iya yi da na'urar sanyaya ciki a kunne, ba tare da wani rarar da za a dogara da shi ba idan aka tarar da cunkoso ko aka karkatar da hanya. Ga mazaunin Abuja mai wuta a gida da wata motar ta biyu domin tafiye-tafiye, za ta yi masa zirga-zirgar cikin gari da daɗi ƙwarai, kuma ko shi ma Long Range mai rim inci 18 ce za ta fi jure masa titunan unguwa.